Jikan Kabawa a Kogin Nilu

In aka ce a jera wuraren da ɗan Adam zai koyi tuƙin kwale-kwale a duniya, unguwar Faisal sai ta zo bayan Agadas. Titi ne dogo guda ɗaya a Giza, yamma da Kogin Nilu, mai sunan Sarki Faisal na Saudiyya, ya taso daga wajen tashar metro ya nufi dalar Fir'auna, yana jere da Titin Haram. Haram ta masu yawon buɗe ido ce, Faisal ta masu neman na tuwo. Hagu da dama benaye ne na jan bulo sun matse juna, rana ma sai ta nemi izini kafin ta leƙa lungu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 unguwar ta ƙara cika, kuɗin haya ya yi tsalle. Ruwa kuwa, in ka cire magudanar Maryuɗiyya da ba mai hankalin da zai tsoma ƙafa a ciki, sai na famfo, shi ma a hawa na tara sai injin ya ga dama.

Mu uku muke haya a saman nan. Ni Bakano, ina karatun nahawu a Darul Ulum ta Jami'ar Alƙahira, tasha ɗaya a metro. Sai wani Bazazzagi ɗalibin injiniya da Allah ya jarrabe ni da shi. Sai wani yaro Bayawuri mai karatun likita, shiru-shiru, in ka ji muryarsa to sallama ce ko iƙama.

Kishin ƙasa ne ya jawo komai. Akwai maƙwabcinmu da muke haɗuwa a gidan gahawa na bakin layi, ƙato mai faɗin ƙirji, kowa Kabtin yake ce masa. A Masar duk wanda ya taɓa rataya usur a wuya Kabtin ne har ya mutu, amma wannan na gaske ne, yana horar da masu tseren jirgi a wani kulob tsakanin Gadar Abbas da Gadar Jami'a. Wani dare ya tambaye ni da zuciya ɗaya, wai mu a Nijeriya muna da kogi kuwa, ko duk rairayi ne?

Bakano ba ya jin irin wannan ya yi shiru. Na gyara zama na kawo masa Neja da Binuwai, na kawo masa Tafkin Chadi tun yana da ruwansa, sannan na sauke masa Argungu gaba ɗaya: yadda bikin ya faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi; yadda dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da gora da homa; yadda ake tseren kwale-kwale da kamun agwagwa. Duk wannan ba ƙarya ko ɗaya. Da na ga idonsa ya buɗe sai na ɗora da cewa ai ni ma jinin Kabawa ne, kakata 'yar Argungu ce. Wannan ma gaskiya ce in aka faɗaɗa zumunci yadda ya kamata: matar ƙanen kakana ce, kuma an ce tana goye aka baro garin da ita.

Kabtin ya buga tebur. "Ya salam! Mutum ɗaya muke nema. Gobe bayan asuba, ya duktur."

Bazazzagi ya ce da Hausa, "Bawana, ruwan da ka sani a duniya Jakara ce, ita ma ta kan gada." Na ce su ma ai Kubanni ce, kada ya dame ni.

Jirgin nasu irin na 'yan Sin ne, dogo siriri mai kan dodo a goshi, mutum 10 zaune biyu-biyu, makaɗi a gaba yana fuskantarsu, mai saiti a tsaye a baya. Kowa filafili ɗaya, gefe ɗaya. Abokan tafiyata ma'aikatan banki ne da ɗalibai, da wata likitar haƙori da ƙaddara ta zaunar a bayana. Da sassafe ake fita, kafin jiragen shaƙatawa masu kiɗa su farka su dama ruwan.

Aka buga ganga, kowa ya soka filafili, ni ma na soka. Bambancin kawai, nasu ya shiga ruwa, nawa ya shiga na mutumin gabana. Da ya sami ruwan kuma, sai ya ɗebo rabin bokiti ya miƙa wa likita a fuska. Ta ce ba komai. Da abin ya yawaita ta daina cewa, sai na ji tana karanta wani abu ƙasa-ƙasa, addu'a ce ko Allah ya isa, Allah masani. Ni kuwa ƙarfi nake zubawa, gwiwar hannu a lanƙwashe, kafaɗa a kunne, haƙora a cije. Kafin mu kai gindin gada damatsana sun mutu murus. Da muka dawo, Bazazzagi, wanda ya taso tun asuba don kada labari ya wuce shi, ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai riƙe filafili yadda gwaggonsa ke riƙe muciya ranar tuwon suna ba sai yau.

Kabtin mutum ne mai kara, bai tambayi lafiyar kakata ba. Ya zaunar da ni ya ce, "Ya duktur, kai so kake ka ture kogin baya. Nilu ya fi ka nauyi. Kafa filafilin a ruwa ya tsaya cik, sannan ka jawo jirgin zuwa wurinsa." Ya ce hannu riƙo kawai yake yi, aikin na gadon baya ne da ƙugu da ƙafa. Ya ce kuma gara rago mai tafiya tare da jama'a da ƙaƙƙarfa mai tafiya shi kaɗai, domin wanda ya riga mutane shiga ruwa shi ke ɗaukar nauyin jirgi duka, wanda ya makara kuwa birki ne.

To, ni ɗalibin nahawu ne, abin da aka faɗa min da baki ba na sakin jiki da shi sai na ga asalinsa. Na shiga intanet ina bin tuƙi da filafili ɗaya daga malami zuwa malaminsa, har isnadin ya kai ni tsakiyar Tekun Fasifik. A can manyan shehunan abin suke. Mutanen Hawai da Tahiti suna tsere da wani kwale-kwale da tsawonsa ya haura mita 12, faɗinsa kuwa da ƙyar ya ɗauki mazaunin mutum, su 6 a jere ɗaya bayan ɗaya. Don kada ya kife sai su ɗaura masa ɗan rakiya a hagu, wani dogon abu mai yawo a kan ruwa da aka haɗa da jikin jirgin da sanduna biyu. Tun 1952 ake tsere daga tsibirin Molokai zuwa Oahu, sama da kilomita 60 na buɗaɗɗen teku. Tun 1992 kuma mutanen Tahiti ke nasu na kwana 3, daga Huwahine zuwa Bora Bora, sama da kilomita 120. Na farko a jirgi shi ke yanke saurin tafiya, na tsakiya su ne ƙarfin, na shida shi ke saiti, kuma duk bayan ja goma sha wani abu sai ɗaya ya yi kira, kowa ya sauya gefe lokaci guda.

Na sayi sabon littafin rubutu na tsara abin yadda aka koya mana tsara ilimi. Na rubuta cewa tuƙi yana da rukunai huɗu. Miƙawa, wadda ba da hannu ake yinta ba, ƙugu ke juyawa har ƙirji ya kalli ɗaya gefen. Kafawa, kuma a nan malaman suka fi tsanantawa: sai bakin filafili ya nutse duka kafin a fara ja, hannun sama yana bisa na ƙasa a wajen jirgi don sandar ta tsaya a miƙe, in ka ji ɓul ko ka ga kumfa, iska ka kama. Sai ja, hannun ƙasa kusan a miƙe, ƙafa a tokare, jiki yana warware juyin da ya yi. Sai cirewa da zarar filafili ya zo daidai ƙugu, domin duk abin da ya wuce nan ruwa kake ɗagawa sama, kana danna jirgi ƙasa, kana yi wa likitar haƙori wanka. Shi ya sa ma suke ɗan karya wuyan filafilinsu wajen digiri 10, don bakin ya daɗe a tsaye cikin ruwa. Na ƙara babin abubuwan da ke ɓata tuƙi. Na kawo saɓanin magabatan Hawai masu dogon ja da na Tahiti masu gajere da sauri, na rinjayar da na Tahiti, tunda sun yi shekaru a jere suna cinye tseren Molokai a gidan masu shi. Na haddace shi tsaf, na karanta wa Bayawuri babi biyu yana wanke-wanke. Ya saurara da ladabi ya ce, "Allah ya ƙara sani, Yaya."

Saura aiki da ilimi. Na mayar da rufin benenmu kogi. Na kifa bokiti tsakanin tankunan ruwa, na ari sandar goge-goge ta matar mai gadi, da tsummanta a jiki don ya ba ni nauyi, na riƙa zama bayan la'asar ina fuskantar dala, wadda ake hango kanta ta tsakanin benaye in ƙura ta yi sauƙi. Miƙa, kafa, ja, cire. A kan rufin nan ban taɓa jiƙa kowa ba, filafilina bai taɓa kumfa ba.

Abin da littafina bai kawo ba shi ne tantabaru. Mutanen Alƙahira suna kiwonsu a kan rufi, cikin dogayen ɗakunan katako masu ƙafafu, kuma da yamma suke sakinsu. Mai su yakan tsaya a sama da tuta yana kaɗawa yana fito, da haka yake juya garken a sararin sama. Wasan har da farauta: in tsuntsun wani ya ruɗe ya bi naka ya sauka a ɗakinka, ya zama kamamme, sai an zo ciniki ko an sha kunya. Ashe maƙwabcinmu na benen gaba ya kwana biyu yana lura da wani baƙo da ke fitowa daidai lokacin sakin tantabaru, yana kaɗa farin tsumma a kan sanda, hagu sannan dama, da tsari irin na wanda ya san abin da yake yi. Ranar da tsuntsayensa suka sauka a kan tankinmu, sai ga shi ya hawo da ƙafa, da 'ya'yansa maza, mai gadi na biye yana ba da haƙuri.

Na yi masa bayani da Larabcin Darul Ulum mai cikakken i'irabi cewa tuƙin jirgi nake koyo. Ya dubi bokiti, ya dubi tsumma, ya dubi unguwar Faisal gabas da yamma, ya ce, "Ina kogin, ya shekh?" Na ce kogin yana cikin niyya. Babban ɗansa ya matso. Allah ya kawo Bazazzagi, ya ɗan taɓa gefen kansa da yatsa ya ce musu karatu ne ya yi min yawa. Nan take fuskar mutumin ta sauya, ya dafa kafaɗata ya yi min addu'ar samun lafiya, washegari ma ya aiko mana da tantabaru biyu cushe da shinkafa. Bazazzagi ya cinye ɗaya da rabi, wai ladan lauya.

Labari ya riga ni zuwa gidan gahawa. Kabtin ya yi dariya har da tari, sannan don ya rage min zafi ya shiga tarihin nasa kakannin. Ya ce su shekara 4,500 ke nan suna sana'ar, in ina musu in hau mota zuwa ƙarshen titinmu in ga jirgin Fir'auna Khufu: a 1954 aka gano shi a gindin babbar dala, a wargaje cikin rami, katakon al'ul na Lebanon, aka harhaɗa shi ya tashi mita 43 da filafilansa, a 2021 aka ɗauke shi cak zuwa sabon gidan tarihi. Ya ce akwai allon dutse da aka samu kusa da gunkin Abul Haul, inda Fir'auna Amenhotep na biyu ya sa aka rubuta cewa ya yi tuƙi da mutum 200, da filafili mai kamu 20, duk suka galabaita shi ko gezau. Na ce wannan ruwaya tana da rauni. Cikin mutum 200 ɗin nan wa aka tambaya? Wanne ne zai ce wa Fir'auna, ranka ya daɗe, ai kai ma ka yi haki? Cika baki a kan tuƙi dai tsohuwar al'ada ce a wannan gaɓar kogin, ba ni na kawo ta daga Kano ba.

A kan ruwa kuwa abin bai sauya ba. Ilimin na nan a kaina babi-babi, amma da ganga ta buga sai jiki ya ce bai san zancen ba. Kafin in gama tuna sharuɗɗan kafawa jama'a sun cire. Kabtin ya sauke ni ya ba ni wani tsohon kwale-kwale na mutum ɗaya, in je gefe inda ba zan cuci kowa ba. Shi kuma wannan rawa yake. Ka miƙa ya karkata, ka yi atishawa ya karkata. Mutum ba zai juya ƙugu ba alhali ƙugun na neman tsira. A nan na gano abin da ya ɓace wa Misirawa shekara 4,500: jirginsu ba shi da ɗan rakiya.

Na sayi bututun roba biyu na masu aikin famfo a Ɗalbiyya, na ari jarkoki biyu masu cin lita 20 wajen Basudanen da ke sayar da turare a ƙasan benenmu, na yanyanka tsohon tiyub don ɗauri. Bazazzagi ya zagaya kayan ya ce, "Bawana, na mutanen nan dogo ne siriri, yanka ruwa yake. Naka kuwa tare ruwa zai yi, jirgin ya yi ta juyawa wajensa." Na ce da injiniyoyin Zariya sun iya ruwa da garinsu bai dogara da 'yan garuwa ba. Ya ce Kano fa? Na ce ba wannan ake magana ba.

Direban mikrobas ya ce jarkoki kujera guda, bututu kujera guda. Muka zura su ta taga, rabi ciki rabi waje, suna gaisawa da kunnen duk mai tuktuk da ya matso. Wata hajiya ta yanke hukunci cewa mai gyaran famfo ne ni, ta ce in biya ta gidanta, bandakinta na yoyo.

Kabtin ya ga kayan ya yi shiru. Bamisire ba ya barin abin dariya ya wuce shi. Ya ƙara ɗaure min rigar ceto da hannunsa, ya kira duk 'yan kulob, ya ce, "Itfaddal, ya duktur." Bayawuri na riƙe min waya da takalma. Bazazzagi ya nemi wuri mai tudu.

Ina so a rubuta wannan: jirgin bai yi rawa ba. Na zauna daram. Na miƙa har ƙirjina ya kalli tsibirin Rauda, na kafa ba ƙara ba kumfa, na ja, na cire daidai ƙugu. Akwai shaidu. Sai dai jirgin, maimakon gaba, ya waiwaya hagu ya duba jarkoki. Na ƙara, ya ƙara waiwayawa. A ƙa'ida mai son jirgi ya koma dama ta hagu yake tuƙi, don haka na sauya gefe yadda shehunan Tahiti ke yi, filafili ya daki bututu, domin daidai inda hannu ke sauka aka ɗaura shi. Na koma dama. Jirgi ya ci gaba da kewaya jarkoki.

Nilu kuma ba ya jiran mai kewaye. Daga kudu yake zuwa arewa, ya ɗauke ni da ni da da'irata. Ina ganin Giza, ina ganin Rauda, ina ganin Giza, ina ganin Rauda, kowane gani kulob ya ƙara ƙanƙancewa. Dariyar ce kawai ba ta ragu ba, don ruwa na kai sauti nesa. Masu wucewa ta kan Gadar Jami'a suka fara tsayawa suna kiran 'yan uwansu.

Sai na tuna babi na ƙarshe a littafina, babin gwanaye. Gwani a kwale-kwalen mutum ɗaya, in yana son gudu, yakan ɗan karkata dama har ɗan rakiya ya tashi daga ruwa ya daina jansa baya. Ga cuta ga magani. Na karkata dama. Jarkoki suka tashi ruwa na zuba daga jikinsu, jirgi ya miƙe sak, na ji iska a fuskata, na ji jinin matar ƙanen kakana yana motsi a jikina. Malaman sun ce a ɗan karkata, ba su faɗi ko nawa ba. Jarkoki suka ci gaba da tashi har na gan su a sama, tsakanina da gada.

Ruwan Nilu da sanyin safiya ba abin wasa ba ne. Misirawa na cewa wanda ya sha ruwan Nilu sai ya dawo Masar. In haka ne na sha nawa, na sha na 'ya'yan da ban haifa ba. Wani abu mai santsi ya naɗe min ƙafa, na kurma ihu da Hausa ina kiran kada, duk da Kabtin ya sha gaya min kadoji na can kudu a Tafkin Nasir, bayan madatsar Aswan da aka gama a 1970. Leda ce.

Wadda ta fara isowa matar wani masunci ce. Akwai iyalai da ke rayuwa a kan kogin nan cikin ƙananan jirage, ciki suke girki, ciki suke kwana, miji na zuba taru yana dukan ruwa don kifi ya ruɗe, mata na tuƙi. Filafilanta biyu ko baki ba su da shi, katakai ne kawai masu kusurwa huɗu. Babu karyayyen wuya, babu digiri 10. Da jariri a cinyarta, da tukunyar shayi a kan risho ko girgiza ba ta yi ba, ta ratso ruwan ta tsaya a kaina cak. Mijin ya kamo ni ta wuyan rigar ceto ya ajiye ni kusa da kifin da ya riga ni. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba, jarkokin take kallo. Ta sa wuƙa ta yanke ɗaurin, ta ɗauraye su, ta tura ƙarƙashin benci. Na buɗe baki zan ce na aro ne, ta ce, "Arzikin kogi ne, ya ibni."

Ina nan ina karkarwa sai na hango kwale-kwale ya taso daga kulob, irin wanda ya ƙi zama da ni, ba ɗan rakiya ba komai. Mai shi gefe ɗaya yake tuƙi bai sauya ba, amma jirgin a miƙe yake tafe, don a ƙarshen kowane ja sai ya ɗan murza filafilin waje ya gyara hanci. Ba ƙara, ba fantsama. Bayawuri ne, da wayata a aljihun gaba. Ya kewaya jirgina da ya kife, ya birkito shi ya ɗaure, ya matso.

"Sannu, Yaya. Ka sha da yawa?"

Na ce kaɗan.

Ya nuna tsallake da haɓa. "Can asibitin Kasrul Aini yake. A nan wani likita Bajamushe, Bilharz, ya gano tsutsar tsargiya a 1851. In mun koma zan gaya maka gwajin da za ka yi."

Na ce ya bar zancen tsutsa. "Kai a ina ka koyi wannan?"

"Babanmu ɗan fito ne a Yawuri. Ni nake ƙetarar da mutane ranar kasuwa."

"Shi ne ina karanta maka babi-babi ka yi shiru?"

"Bayanin ya yi kyau, Yaya. Ni ban san abubuwan suna da suna ba."

Na ce to shi ƙugunsa digiri nawa yake juyawa? Ya yi tunani da gaske, don yaro ne mai ladabi. Ya ce shi dai abin da ya sani, in Baba ya ji filafilinsa ya yi ƙara a ruwa, sai ya ji na Baba a gadon bayansa.

Kabtin ya rungume shi a bakin ruwa ya ba shi kujerar farko a babban jirgi. Basudane ya karɓi kuɗin jarkokinsa a farashin sababbi. Ni kuma, tunda ana ganin girman ilimi a ƙasar nan, aka ba ni ganga.

Aikin makaɗi a jirgin nan ba wuya. Ka zuba wa na farko ido, filafilinsa na taɓa ruwa ka buga. Shi ke ja, kai saƙo kake isarwa ga na baya da ba sa ganinsa. Na riƙe wannan har tsakiyar wani tseren sada zumunci da kulob ɗin maƙwabta. Amma dum, dum, dum, ɗaya bayan ɗaya, ai ba kiɗa ba ne, kuma wanda ya tashi yana jin kalangun mahauta a Fagge ba zai zauna a kan ganga yana ƙirga ba. Hannuna ya ɗan saka ado a tsakani. 'Yan gaba suka bi Bayawuri, 'yan baya suka bi ni, na tsakiya suka tsaya neman fatawa. Likitar haƙori, wadda ranar ba ni ne a gabanta ba, ta jiƙe duk da haka.

Yanzu ni ke tsaron takalma da wayoyi a bakin ruwa. Wuri ne mai kyau, daga nan ake ganin kuskuren kowa. Kwanan nan na lura hannun saman na uku yana faɗowa cikin jirgi, na huɗu kuma yana wuce ƙugu kafin ya cire, na rubuta na kai wa Kabtin. Ya karanta har ƙarshe ya ce duk daidai ne, ya tambaya ko zan ba shi aron littafin a fassara wa sababbin shiga. Na ce sai an sa sunana a bango da manyan baƙaƙe. Bazazzagi ya ce shi zai rubuta gabatarwa kyauta, kuma yana da hotuna.